Wasiƙa Zuwa Ga Jagororin Wasan Tebur Kan Hukuncin Sihiri

Zuwa ga 'yan'uwana masu jan ragamar wasa,

Dalilin wannan takarda wata gardama ce da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a teburin Dungeons & Dragons da ire-irensa, wasannin nan da mutum huɗu ko biyar ke zama su saƙa labari tare, kowa da jaruminsa, ɗan lido na raba musu gardama. Matsafin cikin labari zai jefa sihiri, sai mai shi ya ɗago kai ya ce, "Ai ko a hankalce ma abu kaza zai biyo baya." Na gefensa ya jawo littafi ya ce, "A ina aka rubuta?" Sai duk su zuba maka ido.

Ku ɗauki Grease, ƙaramin sihirin mataki na 1. A bugun 2014, aikinsa shi ne ya malale fili mai ƙafa 10 a kowane gefe da maiƙo na minti 1, wanda ya taka kuma ya kasa riƙe kansa ya sha ƙasa. Shi ke nan. To ga 'yan fashi uku suna ta zamewa a bakin ƙofa, sai wata 'yar wasa ta ce za ta wurga musu bakin wuta, tunda maiƙo ne ai dole ya kama. Mai littafi zai ce ba a ambaci wuta ba, kuma yana da hujja mai ƙarfi: a sihirin Web, na saƙar gizo-gizo, marubutan sun faɗa ƙarara cewa yana cin wuta, har suka yanka masa ɓarna, 'ya'yan lido biyu masu fuska 4. Da sun so Grease ya ci wuta da sun faɗa. Gardamar ta yi tsawon da sai da bugun 2024 ya ƙara kalma guda, ya ce maiƙon ba ya kamawa.

Da a teburina ne da tsohon bugun, zan bar wutar ta kama. Amma 'yar ɓarna kaɗan za ta yi, hayaƙi ya turnuƙe ƙofar, maiƙon kuma ya ƙone ya ƙare, santsin ya tafi. Yarinyar ta samu ladan dabararta, ta kuma biya da abin da ke hannunta. Abin da ba zan yarda ba shi ne a haɗa sihirin mataki na 1 da bakin wuta a samu ɓarnar Fireball, sihirin mataki na 3 mai 'ya'yan lido 8 masu fuska 6.

Nan ne maganar tawa take. Matakin sihiri farashi ne. Duk inda hankali ya nemi ya ƙara wa duniyar labarin armashi, ku sakar masa mara. Inda ya nemi a biya kuɗin mudu a tafi da buhu, ku riƙe littafi gam.

Kun san mai cewa zai ƙirƙiri ruwa a huhun sarkin aljanu. Create or Destroy Water yana samar da galan 10 na ruwa a cikin mazubi buɗaɗɗe, sai gogan naku ya ce ai bakin mutum mazubi ne, kuma ga shi a buɗe yana magana. Wannan ba hankali ba ne, lauyanci ne da ya ari rigar hankali. Kashe abokin gaba nan take ba tare da ya samu damar kare kansa ba aikin Power Word Kill ne, mataki na 9, shi ma sai in makin ran mutumin bai wuce 100 ba. In ka bar ƙaramin matsafi ya yi haka da sihirin da ake cika tulu, ka tambayi kanka me ya rage wa mai takobin da ke kusa da shi, wanda duk wasan nan sara ɗaya yake yi a zagaye.

Sai dai laifin da na fi gani a wajenmu jagorori ɗaya ɓangaren ne, wato fakewa da littafi don gudun tunani. A bugun 2014, Ray of Frost an ce ana harba shi ne kan halitta mai rai. Ɗan wasa ya ce zai daskarar da ɗan kududdufin da ke gaban mai gadi, jagora ya ce a'a, kududdufi ba halitta ba ne. Sanyin da zai iya kashe ɓarawo ya kasa taɓa ruwan da bai kai idon sawu ba? Wanda aka yi wa haka sau biyu ya daina sauraron bayanin ɗakin da kake yi. Idonsa zai koma kan takardarsa yana neman abin da aka halatta masa, kai kuma ka dawo kana ƙorafin 'yan wasanka ba su da dabara.

Wasan bai faro da wannan tsantseni ba. Da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da shi a 1974, 'yan layuka kaɗan ake bai wa kowane sihiri, sauran kuma na alƙalin tebur ne. A Advanced Dungeons & Dragons, Fireball na cika sarari mai kimanin ƙafa kubik 33,000, don haka wanda ya jefa shi a ƙuntataccen lungu wutar kan dawo ta lashe shi da abokansa, Lightning Bolt kuma yakan daki bango ya komo. Littafin jagora na 1979 har da sashe kan yadda sihiri ke sauyawa a ƙarƙashin ruwa. Daga bugu na 3 a shekarar 2000 aka shiga ɗaure kowane sihiri da ma'auni, bugu na 4 a 2008 ya ƙara tamkewa, a shekarar ce kuma Matt Finch ya rubuta ɗan littafinsa mai kira a koma ga hukuncin jagora. Masu ɗaurewar ba wauta suka yi ba. Sun gaji ne da teburin da sihirinka ke aiki in jagora na cikin fara'a, ya ƙi aiki in ya tashi da ɓacin rai. (Wanda kuwa yake son sihirin da ake ƙerawa nan take, ya nemi Ars Magica na 1987, inda ake haɗa aiki da abin da za a yi wa aikin. An gina shi ne don haka.)

Tsoron nan na masu ɗaurewar shi ya kamata ya tsare mu. Hukuncin da ka yanke yau ya zama doka gobe, ka rubuta shi a bayan takardarka. Ka kuma gaya musu tun wuri cewa abin da ya ci Doma ba ya barin Awe: in walƙiyarsu ta bazu a cikin tafki ta kama duk wanda ke ciki, ranar da suke iyo matsafin abokan gaba zai tuna da haka. Sau da yawa wannan tunatarwar kaɗai kan sa mai neman ruwa a huhu ya janye da kansa.

Lokacin faɗa ma hukunci ne. Kada ka bari mutum ya ƙona sihirinsa na ƙarshe, ya jefa ɗan lido, sannan ka ce masa ai ba ya aiki haka. Matsafin da ke cikin labarin ya yi shekaru yana koyon sana'arsa, ya san iyakarta ko da mai wasa da shi bai sani ba. Ka ce, "Jaruminka ya san maiƙon zai ƙone ya ƙare, har yanzu kana so?" In musu ya taso, ka yanke cikin minti ɗaya wasa ya ci gaba, a buɗe littafi bayan an tashi.

Ina roƙonku, a zamanku na gaba, kafin a fito da 'ya'yan lido, ku zaɓi sihiri biyu ko uku da matsafanku suka fi jefawa ku tattauna iyakarsu tare da su.

Na bar ku lafiya.