Ku daina ce wa telolinmu "ku zauna gida"

Duk shekara, da an gama girbin hatsi, samarin Issawane da ƙauyukan Mayahi da Tasawa sai su ɗaure kaya. Wasu Kano, wasu Agadas, wasu har Tamanrasset. Da yawansu teloli ne ko masu neman koyon ɗinki. Su kuma manya su hau rediyo suna wa'azi: cin rani ba kyau, a zauna a gina ƙasa. To, a gina ta da me?

Yaron da ya tafi Kano ba yawon banza ya je ba. Can ne zai zauna gaban maigida shekara biyu ko uku, ya fara da guga da sa maɓalli, ya kai ga yanka shadda da aikin wuya a inji. Yadi yana Kantin Kwari, masu kawo ɗinki ba sa yankewa. A nan fa? A tara matasa 'yan watanni, a koya musu ɗinkin siket, a miƙa musu keken ƙafa gaban kyamara, a watse. Wannan ba horo ba ne, ɗaukar hoto ne.

Abin haushin ma sai ya dawo. Ya iya aiki, amma ba shi da takardar shaida, don haka ba mai ba shi kwangila ko bashi. Injin da ya saya da guminsa yana son wuta, wutar kuma daga Najeriya take zuwa. Kowa ya tuna yadda aka yanke ta a watan Agustan 2023. Kasuwa gwanjo ya cika ta. Salla na wucewa, shago ya mutu, ya sake ɗaure kaya.

Ƙasar da Alphadi ya kafa bikin FIMA a cikinta tun 1998 ba ta rasa gwanaye ba. Tsari ta rasa.

Muna da asusun FAFPA, muna da cibiyoyin koyon sana'a na CFM. A gwada hannun wanda ya koyo a Kano, in ya iya a ba shi takarda. A ɗauki gwanayen su zama malamai. Hukumomin gari su samar da rumfar ɗinki mai wutar sola, su kuma ba telolin gari duk wani ɗinki na hukuma.

Shugaban hukumar garinku yana da ofis. Ku je ku tambaye shi nawa aka ware wa sana'a a kasafin bana, ku kawo mana amsar a nan.