Hanyoyin keke a Madina: Shin za su kai Harra ta Yamma?

Duk wanda ya ziyarci Madina a 'yan shekarun nan zai iya tuna titin Ƙuba. Hanya ce mai tsawon kimanin kilomita uku da ta haɗa Masallacin Annabi (SAW) da Masallacin Ƙuba, wadda aka hana motoci bi, aka bar wa masu tafiya a ƙafa. Da zarar rana ta yi sanyi sai ta cika da iyalai da maziyarta da yara a kan kekuna, babu mai waiwaye don tsoron mota.

Titin na cikin sauye-sauyen da birnin ke gani tun bayan ƙaddamar da shirin Saudiyya na 2030 a watan Afrilun 2016. Hukumomin Madina sun shimfiɗa gomman kilomitoci na hanyoyin keke, kamfanin Careem ya shigo da kekunan haya da ake buɗewa da wayar hannu, sannan a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya Madina cikin jerin biranen da ta amince da su a matsayin masu kula da lafiyar mazaunansu.

Abin da ya rage a gani shi ne wa waɗannan hanyoyi za su yi wa aiki. Za a fi samun amsar a unguwanni irin su Harra ta Yamma, inda keke ya daɗe yana zama abin neman abinci.

Unguwa a kan baƙin dutse

Madina na zaune ne tsakanin filaye biyu na baƙaƙen duwatsun da aman wuta ya bari tun zamanin da, waɗanda Larabawa ke kira harra. Ta gabas ita ce Harrat Waƙim, ta yamma kuma Harrat al-Wabra, wadda Masallacin Ƙiblataini ke gefenta, kwarin Aƙiƙ kuma ya ratsa ta bayanta. A wannan ɓangare na yamma ne Hausawa da sauran 'yan Afirka ta Yamma da yawa suka yi kaka-gida, wasunsu jikoki ne na alhazan da suka taka ƙasa da ƙafa ta Chadi da Sudan.

Ga mazaunin irin wannan unguwa, tazarar da ke tsakaninsa da tsakiyar gari ba ta da yawa. Matsalar ita ce abin da ke tsakani. An gina Madina ta zamani a kan manyan titunan zobe uku, na Sarki Faisal da na Sarki Abdullah da na Sarki Khalid, kuma an tsara su ne don mota ta yi gudu. Leburan da ke zuwa aiki a kan keke, ko yaron da aka aika kasuwa, dole ne ya ratsa shataletale da bakin gadar sama kafaɗa da kafaɗa da motoci. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a haɗurran hanya duk shekara, kuma fiye da rabinsu masu tafiya a ƙafa ne da masu keke da masu babur.

Yadda Italiya ta yi da abin da ta tarar

Akwai wurin da aka daɗe ana fama da wannan tambaya, wato filin kogin Po a arewacin Italiya, ƙasa shimfiɗaɗɗiya kamar faranti, mai gonakin shinkafa da masara. Hanyoyin keken da suka fi suna a can ba sababbin tituna ba ne. Tsofaffin abubuwa ne da aka sauya wa aiki.

Kogin Po, mai tsawon kilomita 652, an yi masa jinga a gefe da gefe don kare ƙauyuka daga ambaliya. A kan doron jingar nan ne aka fitar da hanyar Destra Po a lardin Ferrara, wadda ta kai kimanin kilomita 120 har bakin teku. A kanta kuma masana na jami'ar Politecnico da ke Milan suka tsara aikin VenTo, hanyar kusan kilomita 700 tsakanin Venice da Turin.

Misali na biyu shi ne layin dogon Treviso zuwa Ostiglia, wanda aka gina saboda buƙatun soja, jiragen yaƙi suka ragargaza shi a 1944. Shekaru da dama yana kwance cikin ciyawa kafin a mayar da shi hanyar keke, wani sashe burji, wani kwalta, bishiyoyi na yi mata rumfa. Jirgin ƙasa ba ya son hawa da gangara, saboda haka hanyar ta zo daidai da ƙarfin tsoho da na yaro.

Abin da ya haɗa waɗannan hanyoyi abu biyu ne: sun rabu da motoci a mafi yawan tsawonsu, kuma suna tafiya ba yankewa daga gari zuwa gari. Burji ma yana da nasa amfanin, domin ya fi kwalta araha, yana shan ruwan sama, kuma ba ya jan hankalin direba mai neman yanke.

Italiya dai ba ta gama nata aikin ba. Duk da dokar bunƙasa zirga-zirgar keke da ta kafa a watan Janairun 2018, VenTo bai kammala ba, kuma masu keke kimanin 200 ne ke mutuwa a titunan ƙasar duk shekara. Fitaccen ɗan tseren keke Michele Scarponi mota ce ta kashe shi a 2017, haka ma Davide Rebellin a 2022, dukansu a kan titin da ake rabawa da motoci. Kariyar mai keke tana ƙarewa ne daidai inda hanyarsa ta ƙare.

Abin da Madina ke da shi

Idan aka auna yammacin Madina da wannan ma'auni, za a ga ba hannu rabbana take ba. Kwarin Aƙiƙ doguwar hanya ce da Allah ya shata, kuma hukumomi sun riga sun gyara wani sashe na gaɓarsa don masu tattaki. Akwai kuma sawun layin dogon Hijaz, wanda ya iso Madina daga Dimashƙa a 1908, tasharsa ta Anbariyya na nan a matsayin gidan tarihi kusa da bakin harrar.

Amma kwafa kai-tsaye ba za ta yiwu ba. Jingar Po tana sama da ruwa, shi kuwa kwarin hamada yakan cika cikin ɗan lokaci idan aka yi ruwa mai ƙarfi, don haka hanya sai dai ta bi gaɓa. Zafin bazara a Madina yakan wuce digiri 40, baƙin dutse kuma yana riƙe zafi har bayan faɗuwar rana. Hanyar da ba ta da inuwa da fitilu da wurin shan ruwa za ta zama ta 'yan watannin sanyi kawai. Ga kuma kekunan haya, waɗanda ke buƙatar wayar zamani da katin biyan kuɗi, abin da ba kowane mazaunin tsohuwar unguwa ke da shi ba.

Gyara ko tashi?

Akwai fargabar da ta fi waɗannan duka. Daga ƙarshen 2021 an rushe gomman unguwanni a Jidda da sunan sabunta birni, kuma da yawa daga cikin waɗanda abin ya shafa baƙi ne da 'yan asalin Afirka. A Madina, aikin Ru'a al-Madina da aka sanar a 2022 yana hasashen karɓar maziyarta miliyan 30 nan da 2030. Duk inda kuɗi irin wannan suka sauka, farashin ƙasa kan tashi, mai ƙaramin ƙarfi kuma shi ne farkon wanda ake matsawa gefe. Ba abin mamaki ba ne idan mazaunin tsohuwar unguwa ya ga ana shuka bishiyoyi a bakin titi, ya fara tunanin ko don shi ake yi, ko don wanda zai gaje shi.

Wannan tambaya ba baƙuwa ba ce ga mai karatu a Najeriya. A 2001 ministan sufuri Ojo Maduekwe ya yi ta kiran jama'a su rungumi keke, har wata motar bas ta ture shi cikin kwata a Abuja yana kan hanyar zuwa aiki. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, mutane da dama a Kano da Katsina sun kakkaɓe kekunansu, suka koma kan titunan da ba a tanadar musu wuri ba.

Titin Ƙuba ya nuna cewa Madina na iya ƙwace hanya daga hannun mota idan ta ga dama. Ma'aunin da ya rage shi ne ranar da mutumin Harra ta Yamma zai fito daga ƙofar gidansa a kan keke, ya isa wurin aikinsa ko Harami ba tare da ya ratsa titin zobe da rai a hannu ba, sannan ya dawo da daddare ya tarar da unguwarsa a inda ya bar ta.