Sharhi: Harsashin gida da matsalar tsaro a kudancin Sakkwato

A daren 25 ga watan Disamban 2025, lokacin da Amurka ta kai hari ta sama a jihar Sakkwato, wani ɓangare na makaman da aka harba ya faɗa a wani fili da ke gefen garin Jabo, a ƙaramar hukumar Tambuwal. Gwamnatin Najeriya ta ce an auna harin ne kan sansanonin 'yan ta'adda da ke dajin Bauni a yankin Tangaza, can arewa wajen iyakar Nijar. Ba a samu asarar rai a Jabo ba.

Lamarin dai ya karkata hankalin duniya ga manyan makamai na zamani. Sai dai a ƙauyukan Tambuwal da Kebbe, inda iyakar Zamfara da ta Kebbi ke kusa, abin da ya fi tasiri a kan rayuwar jama'a shi ne harsashi, wanda tsawonsa bai kai ɗan yatsa ba. Bindiga ƙirar AK-47 na iya shafe shekaru da dama tana aiki, amma harsashi 30 da take ɗauka a lodi guda kan ƙare cikin 'yan daƙiƙoƙi. Saboda haka wanda ke da hanyar samun harsashi a kai a kai shi ne ke da rinjaye a daji.

Tsakanin maƙera da masana'anta

Maharba da 'yan banga a karkarar ƙasar Hausa sun daɗe suna dogara ga bindigar toka, wadda ake yi wa laƙabi da harba-ka-ruga. Ta baki ake ɗura mata albarushi, kuma idan aka harba sau ɗaya sai an tsaya an sake ɗuri, abin da sunan ke nuni da shi. Harsashin bindigar zamani wani abu ne dabam: kwanso ne na ƙarfe mai ɗauke da albarushi da aka auna, da 'yar hular da ke tayar da wuta a gindinsa, da kuma kan harsashin da aka matse a wuyansa.

Wannan matsewa ita ce inda aikin hannu ya fi gazawa. Duk kwanson da aka taɓa harbawa wuyansa ya buɗe, kuma ƙarfen na gajiya idan aka yi ta maimaita amfani da shi. Idan kan harsashin ya zauna sako-sako, yana iya nutsewa ciki sa'ad da ake ɗana bindiga, wurin albarushi ya ƙuntata, ƙarfin fashewar ya zarce abin da bindigar za ta jure. Yana kuma iya fita ba ƙarfi ya maƙale a cikin bututu, harbi na gaba ya tarar da shi a hanya. A duka halin biyu, hannu da idon mai harbin ne ke fara shiga haɗari.

A Amurka, inda sake cika kwanso a gida wani abin sha'awa ne ga maharba da masu gasar harbi, dokar tarayya ta halatta yin haka don amfanin kai, sai wanda zai sayar ne ke buƙatar lasisi. Akwai kamfanonin da ke ƙera kayan aunawa na musamman don wannan aiki, amma duk da haka akan samu bindigogi su tarwatse. Maƙerin ƙauye, komai gwanintarsa a garma da lauje, ba shi da irin waɗannan ma'aunai, kuma bambancin da ke tsakanin harsashi mai kyau da mai kisan mai shi bai wuce kaurin gashi ba.

Abin da doka ta ce

Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Na yaƙi sai da izinin shugaban ƙasa, na amfanin kai irin na farauta sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, su kuwa bindigogin ɗuri kwamishinan 'yan sanda na jiha ne ke ba da izininsu. Dokar ta kuma hana ƙera harsashi ko harhaɗa shi a wajen ma'ajiyar makamai ta hukuma. Masana'antar da aka ɗora wa wannan aiki ita ce DICON da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1964.

Ke nan manomin da ya nemi a cika masa tsohon kwanso ya karya doka, ko da kuwa garkensa yake son karewa. Gwamnatocin jihohi sun yi ta kai-komo a kan wannan batu. A 2021 gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta haramta ayyukan 'yan sa-kai a Sakkwato, bayan zargin cewa kisan da suke yi ba tare da shari'a ba na jawo ramuwar gayya. A watan Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle a Zamfara ta bi wata hanya dabam, ta yi kira ga jama'a da su nemi lasisin mallakar bindiga, matakin da babban hafsan tsaron ƙasar na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da hurumin ɗauka. Daga baya Katsina a 2023, sai Zamfara da Sakkwato a 2024, suka ƙaddamar da rundunonin tsaron al'umma a ƙarƙashin doka. Ko ɗaya daga cikin matakan nan bai taɓa tushen tazarar da ke tsakanin ɓangarorin biyu ba.

Daga ina na 'yan bindiga ke fitowa?

'Yan fashin daji da mayaƙan Lakurawa, waɗanda rundunar sojin Najeriya ta sanar da ɓullarsu a Sakkwato da Kebbi a watan Nuwamban 2024, ba su dogara ga maƙera ba. Harsashin masana'anta suke harbawa, kuma ba a daji ake yin sa ba. Wani yana ratsowa ta hamada tun bayan faɗuwar gwamnatin Gaddafi a Libiya a 2011, wani kuma ana ƙwacewa ne daga sansanonin jami'an tsaro. Akwai kuma wanda ke sulalewa daga rumbunan gwamnati. Rahoton babban mai binciken kuɗi na tarayya na shekarar 2019 ya nuna cewa makamai 178,459 sun yi ɓatan dabo daga hannun 'yan sanda, cikinsu har da AK-47 guda 88,078. Bin sawun harsashi ya fi wannan wuya nesa ba kusa ba, domin kowace bindiga na da lambarta, alhali harsashi dubbai kan fito da tambari iri ɗaya.

Jami'an tsaro kan gabatar wa manema labarai da mutanen da aka kama da harsasai a ɓoye cikin buhunan hatsi ko jarkokin manja, wani lokaci ma mata ne. Abin da ba kasafai ake bayyanawa ba shi ne masana'antar da ta ƙera su da kuma hukumar da aka fara sayar wa, ko da yake tambarin da ke gindin kwanso kan nuna masana'anta da shekara.

Yarjejeniyar ƙungiyar ECOWAS ta 2006 kan ƙananan makamai ta ambaci harsashi tun a cikin sunanta, ta kuma bukaci a riƙa sanya masa alama. A watan Disamban 2023 babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da wani tsari na lura da harsashi tun daga masana'anta har zuwa amfani da shi ko lalata shi. A cikin gida kuma, cibiyar yaƙi da yaɗuwar ƙananan makamai da aka kafa a 2021 a ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro ta samu dokarta a 2024. Cibiyar ta sha lalata bindigogin da aka ƙwace a bainar jama'a. Aikin da ya fi wannan wuya shi ne tattara kwansunan da ake bari a ƙasa bayan kowane hari a ƙauyukan Kebbe ko Gummi, a karanta tambarinsu, sannan a gwada da littattafan rumbunan soja da na 'yan sanda.