Kimiyya a Sauƙaƙe: Baƙon da Jiki Ke Kora

A ajin bayoloji an koya mana cewa garkuwar jiki ce ke kare mu daga cututtuka. Yau za mu ga inda ita kanta take hana a yi wa mutum magani.

A bayan tumbinmu akwai wani sashe da ake kira fankiriyas. A cikinsa akwai ƙananan curin ƙwayoyin halitta masu samar da insulin, sinadarin da ke rage sukari a jini. Wani ɗalibin likitanci a Jamus, Paul Langerhans, shi ya gano su a 1869, bai wuce shekara 22 ba. A ciwon sukari nau'i na ɗaya, wanda ya fi kama yara da matasa, garkuwar jiki ce ke kashe waɗannan ƙwayoyi bisa kuskure, sai mutum ya dogara da allurar insulin kullum.

To, me zai hana a dasa masa sababbi? An yi. A 2000, likitoci a Edmonton ta Kanada sun ba da rahoton mutum 7 da aka zuba wa ƙwayoyin ta jijiyar hanta, dukkansu suka daina allura. Amma jiki yana ɗaukar dashen a matsayin maƙiyi, don haka dole a riƙa shan magungunan danne garkuwa irin su tacrolimus. Su kuma suna iya lalata ƙoda, su buɗe wa cututtuka ƙofa. Bayan 'yan shekaru, yawancin masu irin wannan dashe sun koma allura.

Yanzu masana na gwada dabaru biyu. Ta farko, a lulluɓe ƙwayoyin da sinadarin ciyawar teku mai ƙananan ƙofofi: sukari ya shiga, insulin ya fita, sojojin jiki su kasa shiga. Ta biyu, a gyara ƙwayoyin gadonsu yadda garkuwa ba za ta gane baƙi ba ne. A 2025 an ba da rahoton gwada wannan kan mutum ɗaya a Suwidin, ƙwayoyin suka yi aiki ba tare da maganin danne garkuwa ba.

Gwaji ne dai tukuna. Idan muna da abokin karatu mai wannan ciwo, kada mu bari wani ya ruɗe shi ya bar allurarsa, domin ita ce ke riƙe da ransa. Sai mako mai zuwa.