Babur Tsirara: Kafin Fenti, A Duba Ƙashi

Rashin uwa kan sa a yi uwar ɗaki. A ƙarshen shekarun 1980, matasan Ingila da suka faɗi da baburan tsere irin su Suzuki GSX-R750 sun rasa kuɗin sabunta rigar robar da ta farfashe. Sai suka tuɓe ta baki ɗaya, suka ɗora hannun tuƙi mai faɗi da tsawo, suka maƙala ƙananan fitilu. Salon ya samu suna Streetfighter, har kamfanoni suka bi sahu: Triumph ya fitar da Speed Triple a 1994, Ducati kuwa ya ari sunan ɗungurungum a 2009.

Dabarar abin yabo ce, amma tana da sharaɗi. Babur ɗin da ya taɓa shan ƙasa kan ɓoye tsagewa ko lanƙwasa a firam ɗinsa. Ɗaga hannun tuƙi kuma yana mayar da nauyin mahayi baya, gaban babur ya yi sakayau a gudu. Saboda haka duk mai wannan niyya ya fara kashe kuɗinsa kan firam, birki da taya. Fenti ba ya tsayar da babur.