Ba mu da teku, amma muna da ayu

A taron iyayen yara na makarantarmu wani uba ya miƙe yana faɗa: wai mushe ya ɓata awa guda yana ba ƴan CM2 labarin na'urar da ke sauraren kukan dabbobi a ƙarƙashin teku. "Ina ruwan ɗan Maraɗi da teku?" Aka yi ta tafi. Ni kam ban tafa ba.

Ga abin da malamin ya koyar. A gaɓar Amurka da Kanada akwai wata irin balen, ƙatuwar dabbar teku mai shayar da ɗanta nono, wadda ba ta kai 400 ba a duniya duka. Jiragen ruwa na banke ta, igiyoyin masunta na shaƙe ta. A 2017 kaɗai an tsinci gawa 12 a ruwan Kanada. Shi ne masana suka saki wasu na'urori masu tafiya da kansu, ba farfela, sai dai su nutse su taso, makonni suna yawo da kunne a buɗe. In na'urar ta ji kukan balen, idan ta leƙo sama sai ta aika saƙo ta tauraron ɗan Adam, a umurci manyan jirage su rage gudu zuwa kimanin kilomita 18 a awa. Lissafi, kimiyya da labarin ƙasa a darasi ɗaya! Wannan ne ɓata lokaci?

To, mu dawo gida. A kogin Kwara, wanda ya ratsa Yamai ya bi ta Gaya, akwai ayu. Shi ma mai shayarwa ne, ɗa ɗaya uwar ke haifa bayan cikin kusan shekara. Doka ta hana kashe shi, amma wa bai taɓa jin ana tallar man ayu cikin kayan mata ba? Ruwan kogi jajir yake, ido ba ya ganin ayu, sai kunne: uwa da ɗa suna kiran juna. A tafkin Osa na Kamaru, na'urar ɗaukar sauti ake nutsawa don gano inda yake.

Alhaji, yaron da kake so a hana wa wannan darasi, wa ya sani ko shi zai saka irin wannan kunne a Kwara? In an bar shi da haddar sunayen jihohi kawai, baƙo za mu jira ya zo ya ƙirga mana ayun da ya rage. Mushe, mako mai zuwa ka kawo musu hoton ayu.