A BA MANOMI KUƊIN GWAJI A HANNUNSA

Ƴan'uwa manoma da makiyaya na ƙasar Dakoro, kowace shekara muna jin labarin kuɗin da ƙungiyoyin waje ke bayarwa domin binciken noma. Mafi yawansu a ofis suke tsayawa. Mai bincike ya zo da mota, ya auna gona, ya yi tambayoyi, ya koma. Mu a ganinmu ya kamata wani kaso na waɗannan kuɗi ya sauka kai tsaye cikin asusun ƙungiyoyin manoma, su zaɓi abin da za a gwada, su riƙe lissafinsa.

Ba a banza muka faɗi haka ba. A jiharmu ta Maradi aka fara sassaben zamani. A 1983 wani ɗan ƙasar Ostiraliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa kututturan da ke cikin gonaki ba su mutu ba. Amma manoma ne suka gano rassa nawa za a bari, da irin iccen da ke zama lafiya da hatsi, gawo ne, ko kalgo, ko sabara. Daga maƙwabci zuwa maƙwabci aikin ya bazu, har masana suka ƙiyasta a 2009 cewa ya kai hekta miliyan 5 a jihohin Maradi da Damagaram, da itatuwa kusan miliyan 200.

Misali na biyu na mata ne. Daga 2014 zuwa 2016 matan ƙungiyar FUMA Gaskiya, tare da ma'aikatan INRAN da jami'ar Hohenheim ta Jamus, bisa tallafin gidauniyar McKnight ta Amurka, sun gwada fitsarin mutum a matsayin takin hatsi. Saboda kunya aka sa masa suna Oga. Ana tara shi cikin jarka, a rufe sosai, a ajiye wata biyu zuwa uku domin ƙwayoyin cuta su mutu, sannan a zuba a gindin shuka. Kada kowa ya tsallake wannan ajiya, lafiyar iyali ta fi dami. Amfanin ya ƙaru da kusan kashi 30 cikin 100, watau inda ake ɗaure dami 10 sai a ɗaure 13. Gonakin mata su ne na nesa da gari, su ne kuma marasa ƙarfi, kuma matan ba su da kuɗin takin zamani. Su suka san inda abin ke yi musu ciwo, shi ya sa gwajin ya yi daidai da bukatarsu.

To, me ya sa sai da tallafi? Domin gwaji kasada ne. Magidancin da rumbunsa ke ƙarewa kafin damana ba zai ware gefen gonarsa ga irin da bai sani ba. In ya faɗi, wa zai ciyar da yara? Tallafin ya sayi iri, da igiyar awo, da sikeli, da littafi. Mafi muhimmanci, ya biya manomi hatsin da ya rasa in gwajin bai yi ba. Gwajin da ya faɗi ma ilimi ne, muddin an rubuta dalilin faɗuwarsa.

Kuma Dakoro ba Tarna ba ce. Muna sama da kilomita 100 arewa da Maradi, ruwanmu kaɗan ne, iska tana binne shuka da rairayi. Irin da ya yi kyau a gonar gwaji ta INRAN sai an sake jarraba shi a jigawar Kornaka ko Birnin Lalle, damana uku a jere, don damana ɗaya ba ta isa shaida. Ga kuma kwarin Tarka, inda dokar 1961 ta shata iyakar noma da kiwo. Duk gwajin da ya shafi kara da ciyawa a nan, in babu makiyayi cikin kwamitinsa, rigima zai haifa.

Wasu na cewa in aka ba talaka kuɗi zai kai su biki. Mu dubi Mata Masu Dubara, asusun da ƙungiyar CARE ta soma da matan jihar Maradi a 1991. Mata ne ke riƙe akwati, su ba da bashi, su karɓa, a gaban idon kowa. Wanda ya iya wannan zai iya riƙon jika ɗari biyu na gwaji. Sharaɗi guda ne: a rubuta kowace dala, a karanta a bainar jama'a.

Nan ne aikin makarantun yaƙi da jahilci ya shigo. Ɗalibin da ya iya rubuta ranar shuka, da ranar da ruwa ya sauka, da yawan tiyar da kowane fili ya bayar, shi ne magatakardan bincike na garinsu. Muna roƙon malamanmu su sa wannan cikin darasin lissafi.

Ga masu ba da tallafi kuma, roƙonmu biyu ne. Takardar neman kuɗin ta zo da Hausa, da Fulatanci, da Tamajak, kada ta wuce shafi biyu. Kuɗin kuma su iso cikin watan Afrilu, lokacin sharar gona, ba cikin Agusta ba bayan hatsi ya yi bununi.